Gadarif: Zangon Da Taswira Ta Mayar Ɗigo

Daga Wad Madani motarmu ta miƙe gabas, ni kuwa ina jikin taga da tsohuwar taswira a cinya. Ta kamfanin Michelin ce na Faransa, mai lamba 154, wadda ta ɗauki arewa maso gabashin Afirka da ƙasar Larabawa. Tare na saye ta da 'yar'uwarta mai lamba 153 a wurin wani mai tsofaffin littattafai a Sabon Garin Kano, duk sun tsage a gaɓa an lilliƙe da salatif. Sai ka shimfiɗa su biyun ka haɗa bakinsu kafin ka ga hanyar Kano zuwa Bahar Maliya gaba ɗaya. Tafiyar nan na yi ta ne da kaka, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023.

A takarda, Gadarif ɗigo ne kawai, kimanin kilomita 400 daga Khartum. A ƙasa kuwa, tun kafin ka ga garin dawa ce za ta tarbe ka. Ni ɗan manomi ne, na san gandu, amma ban taɓa ganin gonar da ido zai gaji bai kai kunyar ƙarshe ba sai nan. Ƙasar baƙar laka ce, ta bushe ta daddare har ƙafar yaro za ta iya shigewa. Can ga riɗi an yanke an jingina dami-dami a tsaye yana shan rana. Noman tarakta ne da ruwan sama, ba ban-ruwa, tun shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara shi a yankin. Da ka doshi gari sai ka hango rumbun siminti da Tarayyar Sobiyet ta gina a shekarun 1960, ya yi wa komai rata, ga bukkokin ciyawa masu tsinin kai da suke kira guttiyya sun kewaye gari.

Da can sunan wurin Suk Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin. Mutanen gari suna ba da labari cewa sunan Gadarif ya fito ne daga shelar da ake yi in kasuwa ta tashi, wai wanda ya gama cinikinsa ya kama gabansa. To, Hausawa dai ba su ji shelar nan ba, don sun gama ciniki sun ƙi tafiya.

Ƙanshi ne ya kai ni wurinsu. Da yamma a bakin kasuwar amfanin gona na ga wani saurayi yana jera tsinke a gefen garwashi, nama ya sha ƙuli da yaji. Agashe suke ce masa, kuma duk Sudan an san Hausawa ne suka kawo shi. Na yi masa sallama da gurgun Larabcina. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, daga Najeriya? Sannu da zuwa." Hausa ce sosai, sai dai kowace jimla da ɗan "tamam" ko "kwayyis" a wutsiyarta. Bai taɓa taka Najeriya ba, haka ubansa. Da ya ga abin da nake riƙe da shi, sai ya ce in dai hanya nake so in sani, in bari ya tashi ya kai ni wurin kakansa.

Muka tarar da tsohon a kan angarib, gadon nan nasu na igiya. Aka kawo jabana, kofi mai citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, da ƙananan kofuna kamar na wasan yara. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, na shimfiɗa taswirorin a tabarma. Ya ɗan leƙa, ya ture su gefe da bayan hannu.

"Ɗana, rufe takardarka, ka bi ni da kunne."

Ya fara jerowa kamar mai tilawa: Kano, Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid, Kosti, Sinnar, Madani, Gadarif, Kassala, Sawakin, sai Jidda. Ban yi biyayya ba, ina bi da yatsa a ɓoye, kuma ko gari ɗaya bai tsallake ba. Tsakanin sunayen kuma yana saka abin da ba ya cikin takardata: inda ake jiran ayari ya taru don gudun 'yan fashi, inda ake yada zango a yi noma damina guda a samu guzuri, inda mata ke sayar da ƙosai su tara kuɗin jirgin ruwa, da wurin wanda baƙo zai sauka in ya shiga gari. Daga bakin mahaifinsa ya karɓa, shi kuma daga wanda ya taso da ƙafa da jaki da niyyar Makka.

Na ce, "Baba, to me ya tsayar da ku a nan?"

Ya ce, "Wa ya ce maka mun tsaya? Muna kan hanya."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Daga baya na tuna C. Bawa Yamba ya rubuta littafi sukutum a 1995 a kan wannan hali na Hausawan Sudan, waɗanda har jikoki suke ɗaukar kansu mahajjata da ba su ƙarasa ba. Wasu guzuri ne ya ƙare musu. Wasu aikin auduga na Jazira, da ya buɗe bayan gama madatsar Sinnar a 1925, ya riƙe su. Wasu kuma hijira ce, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa yana nan da sunansa. Tun kafin su ma, Takarir daga yamma sun zauna a Gallabat, kan iyakar Habasha, inda hanyar kudu maso gabas daga Gadarif take ƙarewa. Jirgin ƙasa da ya haɗa Kassala da Gadarif da Sinnar a ƙarshen shekarun 1920 ya ƙara wa Gadarif baƙi.

Kada in zalunci takardata, ita ma ta yi ƙoƙari. Masu zana ta sun nuna inda rijiya take, inda ake samun mai, da hanyar da ba ta biyuwa in damina ta sauka. Wanda ya ga lakar Gadarif ya san wannan gargaɗi ba wasa ba ne, mota na iya kwana nawa a taɓo ɗaya. Sai dai don mai mota aka buga ta, wanda ke lissafin galan da kilomita. Mahajjacin da ke lissafi da damina, ita ba ta san da shi ba. Kuma ba Turawa ne suka fara zana mana hanyar gabas ba. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature matafiyi Clapperton taswirar ƙasashen nan a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. A cikinta an ja Kwara ta yi gabas har ta haɗe da Nilu. Masana ƙasa sun ce kuskure ne, kuma gaskiyarsu. Amma da nake zaune a tsakar gidan nan ana yi mini Hausa, sai na ga ko da ruwa bai bi ta nan ba, mutane sun bi.

Abin da ya fi burge ni da Gadarif shi ne yadda take haɗiye baƙo ba ta ƙware. A kasuwa ɗaya za ka ji Larabci da Hausa da Fillanci da Amharanci, lebura daga Habasha na ɗora buhun riɗin da Balarabe ya noma, dillali Bahaushe na tsaye yana ciniki. Kwana uku na yi, ba a bar ni na biya kuɗin shayi ba ko sau ɗaya. Ko da rikicin Tigray ya koro mutane a 2020, jihar Gadarif ce ta sauke su a Um Rakuba, kuma da yaƙi ya ci Khartum da Madani, nan dubban iyalai suka nufa.

Da zan tafi na so in bar wa tsohon taswirar. Ya ce in riƙe abata, ni ne mai ɓata.

Mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ya taɓa jin zangunan nan daga bakin wanda ya taka su, ka zauna da shi yau ka ɗauki muryarsa a waya. Mutanen Gadarif kuwa, a sa su a addu'a, Allah Ya maido musu da zaman lafiya.