Alƙaliyar da aka ce ta tashi

Da hantsi na hau jirgin ƙasa mai lamba 4 daga Bronx, sanyin Nuwamba na ratsa ƙashi. Mai masaukina, Bahaushen Kumasi direban tasi, ya raka ni tasha yana mita: "Malam, lafiya lau mutum ya kai kansa kotu?"

A dandalin Foley da ke Manhattan na tarar da kotun tarayya mai sunan Thurgood Marshall, baƙin mutum na farko a Kotun Ƙolin Amurka. Dogaran ƙofa suka karɓe wayata, suka miƙo mini lamba.

Labarin Constance Baker Motley ne ya kawo ni. A 1966 Shugaba Johnson ya naɗa ta alƙaliya a kotun nan, ta zama baƙar mace ta farko cikin alƙalan tarayya, bayan Sanata Eastland na Mississippi ya danne takardarta watanni. A 1975 wata lauya ta yi ƙarar kamfanin lauyoyi na Sullivan & Cromwell kan nuna wa mata bambanci wajen ɗaukar aiki, shari'ar kuwa ta faɗo gaban Motley. Lauyan kamfanin ya nemi ta janye, wai mace ce kuma baƙa, zuciyarta za ta karkata. Ta ƙi. Hujjarta ita ce, in dai jinsi ko launi na hana alƙali zama, to babu wanda zai saurari ƙarar a kotun nan, tunda kowa da nasa. Ashe a idon mai roƙon, farin namiji kaɗai aka haifa ba ɓangare!

Na zauna bencin baya a wani zaure. Aka shigo da wani saurayi cikin kayan sarƙa, tafinta na raɗa masa Sifaniyanci. Alƙalin bai ɗaga murya ba, bai wulaƙanta kowa ba. Sai na tuna dokar 1986: giram 5 na hodar ibilis ta dunƙule, wadda aka fi kama baƙaƙe da ita, ɗaurin shekara biyar, daidai da giram 500 na garinta. Alƙalai masu ladabi irin wannan suka yi ta zartar da ita har 2010.

Da na fito na taka zuwa titin Duane, inda aka tono maƙabartar 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, a 1991, aka sake binne mutum 419 a 2003. Tuddai bakwai ne, ciyawa ta rufe su. Ina tsaye wayar ta yi ƙara.

"Malam, sun sake ka?"