Inuwar Bakin Titi

Duk wanda ke bin hanyar da ta taso daga Funtua ta ratsa Tsafe, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi ta shiga Gusau, ta fita ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, ya san kwaltar nan ta yi mana kaɗan. Tirela, tankar mai, Keke Napep, ɗan kabu-kabu, mai baro da ɗan makaranta, duk a kan siririn titi ɗaya. Tun da Gusau ta zama babban birnin Zamfara a 1996 jama'a ke ƙaruwa, hanya kuwa ba ta ƙaru da su ba. Ni ma ina son a faɗaɗa ta. Wanda ya taɓa ganin tirela ta matse mai babur zuwa cikin kwata ba zai yi gardama ba.

Abin da ke damuna shi ne dogonyaron bakin hanya. Baƙo ne, asalinsa daga ƙasar Indiya, amma ya zama ɗan gida fiye da wasu 'yan gidan. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ƙarƙashinsa ne shagon mai faci, rumfar mai shayi, tashar 'yan kabu-kabu da majalisar dattawa bayan Azahar. In aikin hanya ya zo, mai gini yakan sa ran diyya. Mai facin da ya shekara ashirin yana ciyar da iyalinsa a inuwar da ba tasa ba, wa zai rubuta sunansa?

Za a ce ai za a dasa wasu. Na sha ganin irin wannan dashe: a haƙa rami da damina, a ɗauki hoto, kafin rani ya raba awaki sun gama da shi. Wanda ya tsira ma sai ya yi shekaru kafin mutum biyu su fake a gindinsa, alhali katafila ba ta buƙatar ko wuni ɗaya.

Ba kowace bishiya za ta tsira ba, na sani. Amma inda fili ya samu, me zai hana a bar layin bishiyoyin a tsakiya ya raba hannu biyu, a shimfiɗa sabuwar kwaltar ta bayansu? Magudanar ruwa ma tana iya ɗan lanƙwasa. A ƙirga bishiyoyin tukuna kamar yadda ake ƙirga shaguna, kafin mai jan fenti ya iso.