Kujerun Tsohuwar Mota

A birnin Zariya akwai wani dattijo da ke da mota ƙirar Peugeot 504, irin wadda mutane ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera irin wannan mota cikin 1968, sa'an nan cikin 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. Tasa ta Kaduna ce, ya saye ta sabuwa ful cikin 1979. Shekara 40 tana hannunsa, injinta bai taɓa ba shi kunya ba. Amma kujerunta sun mutu murus. Rufinsu ya tsattsage, soso ya leƙo, wanda duk ya zauna a kujerar direba sai ya nutse kamar ya faɗa kwando.

Da aka sa ranar auren jikanyarsa cikin 2019, sai dattijon ya ce a wannan mota za a kai amarya, don a cikinta aka kai uwarta. Babban ɗansa ya rusuna, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Yaya za a sa amarya da kayanta na ado a kan waɗannan tsummoki? Ga 'yan gwangwan sun daɗe suna taya ta, a sayar musu a huta." Dattijo ya ce a ba shi mako 3. In ranar ta zo kujeru ba su gyaru ba, to, a kira 'yan gwangwan.

Ya kira jikansa, wani yaro ɗan aji shida, ya ce, "Zo nan, abokina, yau za mu ga ko kana da wani amfani ban da cin tuwo." Suka sa sifana suka kwance kusoshin da ke riƙe da kujerun gaba, suka ɗaga ta baya, suka kwaso su duka zuwa zaure. Yaro ya ɗauko wuƙa zai farke tsohon rufi ya jefar, sai kakan ya riƙe hannunsa. "Kul! Wannan tsumman da ka raina shi ne malaminmu."

To, ku lura da dalili. Rufin kujerar mota ba ƙyalle guda ba ne. Guntaye ne da yawa, kowanne da siffarsa, aka harhaɗa su don su bi lanƙwasar kujera. Wanda ya jefar da tsoho ya jefar da ma'auni. Saboda haka suka zauna da reza suna warware ɗinki a hankali, zare bayan zare. Kowane guntu suka cire, sai yaro ya rubuta masa lamba da alli, ya zana kibiya mai nuna sama, ya kuma sa ɗigo a inda ya haɗu da ɗan'uwansa. Wannan kaɗai ya ci musu kwana 4, har yaro ya ƙosa.

Da rufi ya fita, sai ainihin ciwon ya bayyana. Soson ya zama gari, kana taɓa shi yana zuba kamar busasshen burodi, don zafi da iska suna cin soso in ya daɗe. Ƙarƙashinsa kuwa, cikin wayoyin ƙarfe masu ɗaukar nauyin mai zama, biyu sun karye, tsatsa kuma ta kama gindin kujerar. Da sun ɗora sabon rufi bisa wannan ɓarna, da ba a yi wata guda ba karyayyen ƙarfen ya huda shi. Suka kankare tsatsa, suka shafa fenti, aka kai ƙarfen wurin mai walda ya ɗinke inda ya tsage. Sa'an nan suka shimfiɗa algarara bisa wayoyin don kada su yanki soso, suka yanka sabon soso da wuƙa mai kaifi, suka manna shi da gam.

Dattijo ya so ya yi rufin da jar fatar akuya, irin ta Sakkwato, wadda tun zamanin ayari a ke ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ya shawarci wani baduku maƙwabcinsa. Baduku ya ce, "Alhaji, fatar akuya kyau gare ta, amma ƙarama ce, ga ta da sirantaka. Kujerar mota sai ƙirgin sa da aka jeme sosai, ko kuwa ledar kujera mai saƙa a bayanta." Da aka yi lissafi, kuɗin fata ya fi ƙarfin aljihu. Suka sayo leda ruwan ƙasa, yadi 8.

A nan ne aka yi ɓarna. Ran nan dattijo ya tafi masallaci, yaro ya ga bari ya ba kakansa mamaki. Ya ɗora tsofaffin guntaye bisa leda, ya zana, ya bi layin ninkin ɗinki da almakashi, ya manta da rabin incin da a ke bari a gefe don allura ta samu wurin kamawa. Guntu 3 manya suka tashi a banza. Da kakan ya dawo ya gani, ya daɗe bai ce kome ba. Yaro ya fashe da kuka, ya ce, "Kaka, na ja an sayar da motar." Aka koma kasuwa, irin wannan launi ya ƙare, saura kwana 9 biki.

Kakar yaron ce ta fid da su. Ta jujjuya ragowar ledar, ta ce a sayo mai launin madara a sa a tsakiyar kowace kujera, ruwan ƙasan ya zagaye gefe. Ta jawo kekenta na ɗinki, ta sa babbar allura da zare mai ƙarfi, ta buɗe takun ɗinkin ya yi tsawo. Leda ba kamar atamfa ba ce, duk inda allura ta huda ramin ba ya rufewa, in ramuka suka matsu kuwa sai ta yage kamar gefen kan sarki. Inda ninki ya yi kauri keke ya kasa, baduku ya ƙarasa da basilla.

Sai sanya rufi, shi ne aikin ƙarfi. Suka shanya shi a rana ya yi laushi, don leda mai ɗumi ta fi miƙewa. Suka lulluɓe soso da siririyar leda don rufin ya zame, suka zura shi kamar riga. Akwai wayoyi da a ke zurawa cikin ninkin rufi daga ciki, a ɗaure su ga ƙarfen kujera da ƙananan zobba, su ne ke sa rufi ya kwanta cikin kwarin kujera maimakon ya yi tozo. Daga tsakiya suka fara ɗauri, suna ja zuwa gefe, dama sau ɗaya hagu sau ɗaya. Kujerar farko sai da suka kwance ta sau 2 kafin tamoji ya ɓace. Yatsun yaro suka yi kanta, amma bai ƙara kuka ba.

Ana jibi biki suka mai da kujeru cikin mota, suka ɗaure kusoshi tam. Babban ɗan ya zo ya buɗe ƙofa, ya zauna a kujerar direba, ya motsa nan ya motsa can, bai nutse ba. Ya shafa tsakiyar mai launin madara, ya tambaya wane kanti aka kai aikin. Dattijo ya nuna yaro da haɓa, ya ce, "Ga mai kantin nan, shi ya zaɓa mana launi biyu."

Ran kai amarya, bayan sallar isha'i, aka fito da ita lulluɓe, gwaggonninta biyu suka sa ta a tsakiya a kujerar baya. Dattijo da kansa ya ja motar, yaro na gefensa, yana ta waiwaye yana gargaɗin gwaggonnin kada su goga masa lalle a kujera.