Daren da Mota ta Kwantar da Mu a Mai Wurno

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Wad Madani zuwa Sinnar ya san yadda ƙasar take: shimfiɗe kamar faifai, baƙar laka, ga magudanan ruwa a miƙe sambal har inda ido ya gaji. Ita ce Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar a 1925 suka buɗe gonakin auduga. Da yawa daga hannayen da suka tsinci audugar nan na mutanenmu ne, alhazan ƙafa da suka tsaya neman guzuri. Mutanen ƙasar na ce musu Fallata ko Takari.

A Disambar 2009 ina zaune a Madani, ina saro riɗi daga Damazin. Ran nan na shiga bas, sai na tarar da yara tara, maza da mata, 'yan shekara sha shida zuwa sha tara, duk da riga iri ɗaya. Da su da fasto da matarsa. Da suka buɗe baki na ji Hausar Jos. Matasan coci ne, sun zo aikin mishan na mako uku a wajen Kurmuk, kan iyakar Habasha.

Ni kuwa na ja bakina na yi gum. Shagon ƙanena yana cikin waɗanda suka ƙone a rikicin Jos na Nuwambar 2008, abin bai bar zuciyata ba. Na bar su suna zaton ni ɗan Sudan ne.

Mun wuce Sinnar kaɗan, dab da magariba, bel ɗin inji ya tsinke. Direba ya ce sai da safe za a kawo wani. Garin da muka tsaya a bakinsa shi ne Mai Wurno.

Ga wanda bai sani ba: bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira suka yi gabas. Wajen 1906 suka zauna a nan bakin Shuɗin Nilu, garin ya ci sunansa. Har yau akwai sarautar gidan, kuma a layi ɗaya za ka ji Fulatanci da Hausa da Larabci.

Wani dattijo ya fito daga masallaci, ya dube mu ya ce, "Sannunku da hanya. Daga ina?" Sai na ga yaran sun ƙame. Wata yarinya ta damƙe hannun matar fasto. A lokacin na gane cewa su ma da nasu tabon suka baro gida.

Dattijon bai yi kwana-kwana ba. "Malam, wa'azi kuka zo yi?"

Fasto ya ce, "A'a Baba, inda za mu Kiristoci ne tuntuni. Makaranta za mu taya su gyarawa, mu raba gidan sauro."

"To madalla. Mu dai saboda addininmu kakanninmu suka baro gida, kun ga ba ma neman wani. Ku taso, abinci na hucewa."

Aka shiga da mata cikin gida, mu maza aka jera mana angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa. Aka kawo kisra da asida da miyar busasshiyar kuɓewa, a faranti ɗaya. A nan asirina ya tonu, don na manta na ce wa wani yaro, "Kai, da dama ake ci." Ya zaro ido: "Kawu, ashe kana ji! Duk gulmar da muka yi a mota fa?" Dariyar da aka yi ita ta fara sassauta ni.

Ana shan jabana, kofin nan nasu mai citta, yaron ya ce shi tun yana ƙarami yake jin cocinsu ya samo asali daga Sudan Interior Mission, ya ɗauka daga ƙasar nan Turawan suka je Najeriya. Fasto ya gyara masa: da aka kafa ta a 1893, "Sudan" na nufin duk faɗin ƙasar baƙar fata ta kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatanta suka iso wannan Sudan ɗin, wurin Uduk da Maban. Dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe dukkanmu daga yamma muka zo."

Da safe yarinyar nan da ta tsorata ta fito da lalle a hannu, idonta jawur. Tsohuwar gidan ta hana ta barci da tambaya: har yanzu ana cin kasuwar Kurmi? Nawa ake sayar da goro? Ita tsohuwar ba ta taɓa taka Najeriya ba. Yarinyar ta durƙusa ta ce wa dattijo, "Baba, baɗi za mu dawo."

Ya ce, "Jikata, kada ki ɗaukar wa kanki bashi. Baƙo raɓa ne. Iyayenmu ma cewa suka yi kwana biyu za su yi su wuce Makka, ga mu nan har yau. Ki dai riƙa tunawa da mu."

Bayan mako uku na sake cin karo da su a tashar Damazin, sun yi baƙi sun rame, huɗu sun sha zazzaɓi. Na tambayi yaron aiki. Ya ce, "Kawu, gaskiya ajin da muka yi wa filasta sai da maginan garin suka kankare suka sake." Na yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa: kuɗin jirginsu kaɗai da ya gina azuzuwan da suka fi waɗannan. Na faɗa wa fasto haka, bai musa ba. Cewa ya yi, "Alhaji, yaran nake ginawa."

Ba su dawo baɗin ba. A Satumbar 2011 yaƙi ya sake ɓarkewa a jihar Shuɗin Nilu. A Yulin 2022 aka yi rikicin da ya raba dubban Hausawa da gidajensu a Damazin da Rusairis. Sai babban yaƙin Afrilun 2023, wanda ya ci Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a 2024. Ni kaina da jaka ɗaya na dawo Kano.

A makon da labarin Sinja ya fito, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Yarinyar ce, yanzu ma'aikaciyar jinya da 'ya'ya biyu. Ta adana lambata ta gida shekara goma sha huɗu. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Kawu, mutanen Mai Wurno fa?"

Na ce mata lambar gidan ba ta shiga. Ta ce in ci gaba da gwadawa, ita ma za ta gwada. Duk ranar Juma'a nakan kira, ita kuma ranar Lahadi.