Guntun Gatari Da Jarin Tarayya: Labarin Wani Dattijon Manawashi

Duk wanda ya san tarihin Gombe ya san fatauci ne ya raya garin. Sa'ad da aka maido da hedkwatar masarauta daga Nafaɗa zuwa Doma cikin 1919, wurin bai fi ƙauye ba. Auduga da gyaɗa da hatsi su ne suka jawo jama'a daga gabas da yamma. Cikin 1956 aka kafa injin gurzar auduga, jirgin ƙasa ya iso cikin 1963, sa'an nan cikin 1979 masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki da haɗin gwiwar kamfanin Blue Circle na Ingila. A kowane ɗayan waɗannan, kuɗi ne daga wani wuri suka haɗu da ƙwazon mutanen ƙasa. Amma fa duk da haka, babu abin da ɗan kasuwar Gombe yake gudu irin a ce wani ya sa kuɗinsa cikin sana'arsa.

Akwai wani dattijo a unguwar Manawashi wanda ya fi shekara 20 yana sana'ar matsar man gyaɗa. Da kaka yakan sayi gyaɗa a kasuwar Tudun Hatsi gwargwadon ƙarfinsa, ya matse, ya sayar da mai, ya sayar da tunkuza ga masu kiwo. Mansa yana da kyau, masu saye ba su yanke masa ba. Abin da ya sha masa kai shi ne jari. Lokacin da gyaɗa take araha kuɗinsa ba su isa ya cika sito ba, kafin bazara abin da ya tara ya ƙare, lokacin kuwa farashi ya hau. Sai inji ya tsaya, ma'aikata su watse, wasu su kama acaɓa, wasu su koma gona. Banki kuwa bai ko kalle shi ba, gama yana ƙyamar riba, ga shi kuma cikin 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwa kuwa ya ɗara haka.

Babban ɗansa, wanda ya yi karatun akanta, shi ne ya zo masa da zancen kamfanonin jarin tarayya. Ya ce, "Baba, waɗannan ba bashi suke bayarwa ba. Rabo suke saye." Watau sukan tara kuɗi daga asusun fansho da bankunan raya ƙasa da manyan attajirai, su zuba cikin asusu ɗaya wanda yawanci yakan yi shekara 10. Da kuɗin nan sukan sayi kaso cikin masana'antun da ba su shiga kasuwar hannun jari ba. Ba sa tsayawa kan kuɗi kurum. Sukan sa mutuminsu cikin masu gudanar da kamfanin, su gyara littattafan lissafi, su kawo gwanaye, su nemo sababbin kasuwanni. Bayan shekara 5 zuwa 7 sai su sayar da kasonsu su fita. Ladan masu riƙon asusun bisa al'ada shi ne kashi 2 cikin 100 na jarin kowace shekara, da kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu. In kuwa kamfanin ya faɗi, kuɗinsu sun bi ruwa, ba mai biyansu.

Abin ba baƙo ba ne a Nijeriya. Kamfanin African Capital Alliance da aka kafa a Ikko cikin 1997 yana cikin waɗanda suka fara zuba kuɗi a MTN ta Nijeriya lokacin da ta soma aiki cikin 2001, sa'ad da mutane da yawa suke ganin wayar hannu kayan masu hali ce. A nan Arewa ma akwai misali. Asusun FAFIN, wanda Gwamnatin Tarayya da bankin raya ƙasa na Jamus suka sa wa kuɗi, kamfanin Sahel Capital kuma ya riƙa, ya sayi kaso cikin kamfanin madara na L&Z da ke Kano cikin 2015. Kamfanin nan kuwa yana sayen nono daga hannun makiyaya, saboda haka amfanin jarin bai tsaya a bakin ƙofar masana'anta ba, ya kai har ruga.

Dattijo ya saurara har yaro ya gama, sa'an nan ya ce masa, "Kai yaro ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Ba a ce maganarsa ba ta da tushe ba. Ya ga aminai da suka haɗa jari suka ƙare a gaban alƙali. Ya ga wa da ƙane da suka daina gaisawa saboda mota ɗaya. Bugu da ƙari, yana shakkar ko abin ya halatta.

Kan wannan na ƙarshe, malamin unguwa ne ya warware masa. Ya tuna masa babin ƙiradi da ke cikin Risala, wadda almajiran ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa. Mai dukiya ya ba mai sana'a kuɗi ya juya, a raba riba bisa kason da aka shirya tun farko. In hasara ta auku ba da sakaci ba, mai dukiya ya rasa kuɗinsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija tun kafin aike. Attajiran Kano ma da dukiyar da suke ba yaransu suka bunƙasa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, yakan ba mutanensa kuɗi su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa, da yawansu kuwa daga nan suka tsaya da ƙafafunsu. Bambancin kawai, in ji malam, shi ne cikin ƙiradi mai dukiya ba ya tsoma baki cikin aiki, waɗannan kuwa abokan tarayya ne masu ta cewa. Tarayya kuma halal ce muddin sana'ar halal ce, ba a kuma lamunce wa kowa riba tabbatacciya ba.

To, amma kada mai karatu ya zaci zuma ce zalla. Mai jarin tarayya ba ɗan agaji ba ne, riba ta kawo shi, kuma tun ran da ya shigo yake duban ƙofar fita. A Amurka wasunsu sukan sayi kamfani da kuɗin bashi, su ɗora bashin bisa wuyan kamfanin. Haka aka yi wa babban kantin kayan wasan yara na Toys "R" Us, wanda KKR da Bain Capital da Vornado suka saya cikin 2005 kan dala biliyan 6.6. Nauyin bashin ya hana shi numfashi har ya karye cikin 2017, ya rufe kantunansa na Amurka cikin 2018, mutane kimanin 30,000 suka rasa aiki. Saboda haka wanda zai karɓi irin wannan kuɗi, wajibi ne ya karanta sharuɗɗa da idon basira, ya san wa zai yanke shawara, ya san wa za a sayar wa kason ran da abokin ya tashi tafiya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Gaskiyar magana kuma ita ce manyan kamfanonin Ikko da London ba za su waiwayi inji ɗaya a Manawashi ba, gama su da miliyoyin daloli suke ciniki. Abin da dattijon ya ɗauka shi ne dabararsu. Ya yarda ɗansa ya yi wa sana'ar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Ya raba aljihun gida da na inji, abin da ya fi kome yi masa wuya, domin a da kuɗin cefane da na biki da na gyaɗa duk daga akwati ɗaya suke fita. Bayan shekara guda da littafin lissafi a hannu, sai ya tunkari wasu 'yan kasuwar hatsi guda biyu. Suka zuba kuɗi, aka ba su sulusin kamfani, aka rubuta yarjejeniya gaban shaidu da lauya, da sharaɗin cewa in za su fita shi za su fara yi wa tayi. A shekarar nan inji bai tsaya da bazara ba.

Akwai wani amfani kuma wanda ya fi cika sito. Sau nawa aka ga sana'a mai albarka ta bi mai ita kabari? Da an yi addu'ar arba'in sai a kira dillali, a sayar da inji da fili domin a raba gado, ma'aikata su kama gabansu. In sana'a ta zama kamfani mai hannayen jari, kowane magaji sai ya karɓi rabonsa na hannun jari yadda shari'a ta tsara, ba a zalunci kowa ba, inji kuma bai daina juyawa ba.

Gombe ba ta rasa masu kuɗi ba, ba ta kuma rasa masu sana'a ba. Ga masu casar shinkafa, ga masu man gyaɗa, ga manoman rani a bakin madatsar Dadin Kowa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne amana mai rubutu wadda za ta haɗa su. Dukiya mai yawa tana kwance cikin filaye da gidajen haya, alhali injuna suna tsatsa saboda rashin kuɗin kaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta buɗe hanyar kafa tarayya mai iyakantaccen alhaki, hukumar fansho kuma ta yarda a zuba wani kaso na kuɗin ma'aikata cikin irin waɗannan asusai. Ya rage ga attajirai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su kafa nasu asusun daidai ƙarfinsu, su damƙa shi ga masana amintattu. Masu sana'a kuma su gyara lissafinsu tun kafin su nemi abokin tarayya, gama ba mai zuba hatsinsa cikin buhun da bai ga gindinsa ba. Allah ya sa albarka cikin nema, ya kuma kiyaye amana tsakanin bayinsa, amin.