SAWU A KAN RAIRAYI: DAGA GAZAWA ZUWA GIDAN RUMJI

Jama'a, wanda ya bi hanyar kwalta daga Gazawa, ya ratsa Agiye da Cadawa da Maradi da Tibiri har ya sauka Gidan Rumji, zai iya rantsuwa babu sauran naman daji a ƙasar nan. Gona ce ta haɗe da gona. Amma matafiyin mota ba ya duban ƙasa. Yaran kiwo da ƴan sikawut masu fita da sassafe, tun dabbobin gari ba su tattake turɓaya ba, su ke ganin abin da ya kwana yana yawo.

A fara da Gazawa. Nan Gulbin Kaba ya ratsa, kwarin goruba, inda mata ke samun kabar saƙar tabarma. Rairayinsa allo ne, kowace dabba ta rubuta sunanta. Zomo in yana gudu, sawun ƙafafunsa na baya ne ke faɗuwa gaban na gaba, shi ya sa sabon koyo kan bi shi a juye. Damo yana barin layin wutsiya a tsakiyar sawun farata. Sawun dila ya yi kama da na kare, sai dai ya fi tsukewa, kuma tafiyarta a miƙe take, ba kamar karen gari mai shanshane nan da can ba. Zabin daji kuwa ba su iya ɓoyo: yatsu uku gaba, ga gurbin da suka yi wankan ƙasa, ga gashi mai ɗigo-ɗigo.

Wannan karatu ba a lakkol ake samunsa ba. Yana wurin tsofaffin mahalba, kuma kullum raguwa suke yi. Su ne suka san kura da barewa a wuraren da yau gero ke tsaye. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itace, gatari da garma suka ƙarasa saura.

A ƙasar Agiye akwai dajin gwamnati na Ɗan Kada Dodo da na Ɗan Gado, amma abin kallo na cikin gonaki. Tun wajen 1983 aka soma sassaben zamani a jahar Maradi: manomi ya bar tohon kututture biyu ko uku, ya gyara su su zama itace. Mutanen Ɗan Saga sun yi suna a kan wannan aiki, har baƙi na zuwa gani. Sabara da kalgo da gawo da aduwa sun sake tashi. Inda inuwa ta dawo, kurege da bushiya da fakara sun samu maɓoya. Ba manyan dawa ba ne, gaskiya, amma ɗan da bai taɓa ganin bushiya ba sai a tatsuniya, yau yana iya nuna raminta.

Ɗaukar hoto kuma yanzu ya yi sauƙi, tun da wayar hannu ta shiga ƙauye. Sai dai yana da ƙa'ida. Sawu da hantsi ko da la'asar ake ɗaukarsa, lokacin da rana ke gefe, inuwa ta cika gurbin. Da tsakar rana komai fari fat yake fita. A ajiye kwalin ashana kusa da shi don a san girmansa. In dabbar ce kanta, a sa iska ta riƙa bugun fuska, a zauna, a yi shiru. Nan ne yara ke shan wuya, don hannun da ya saba da danƙo ƙaiƙayi yake yi. A rubuta rana da wuri a littafi. Wanda ya rubuta ranar da shamuwa ta sauka kowace shekara, ko yawan angulun da suka rage a mahauta, ya tara abin da ko ma'aikatan gandun daji za su nema.

Can yamma, Gulbin Maradi ya bi ta Tibiri da Gidan Rumji ya koma Najeriya. Kudu da shi dajin Baban Rafi yake, tsakanin ƙasar Gidan Rumji da ta Madarumfa. A shekarun 1980 da 1990 giwaye kan ƙetaro cikinsa daga Najeriya, manoman bakin dajin ba su manta ɓarnarsu ba. Amma a kula: ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi bakin iyakar nan, har a 2019 dubban ƴan gudun hijira suka shigo ƙasar Gidan Rumji. Kada malami ko shugaban samari ya kai yara can sai da iznin hukuma. A tuna kuma dokar 29 ga Afrilu 1998 ta ɗora halbi a kan takardar izni.

Mai son ganin raƙumin dawa sai ya yi arewa, gandun Gadabeji a ƙasar Bermo, inda aka kai guda 8 daga Kure a 2018. Sauran kuwa, bayan gari ya ishe su, in dai sun riga awaki fita.