Gambarar Zamani da Gadon Zambo

Duk wanda ya shiga motar haya daga Samaru zuwa Sabon Gari a 'yan shekarun nan, da wuya ya sauka bai ji waƙar gambarar zamani ba. Ni kuwa da nake koyar da Hausa a makarantar sakandare, har a bayan littattafan ɗalibaina nakan tsince ta, inda suke gwada hannu. Akwai hikima a ciki, akwai dacewar amsa-amo, amma mafi yawan baitocin zagin wani ne tsirara, har da ambaton iyaye. Sau biyu ina raba dambe a bakin aji saboda irin wannan.

Idan na tambaye su dalili, sai su ce ai haka manyan suke yi a Amurka. Gaskiya ne, amma ba su san ƙarshen labarin ba. Gabar da ta shiga tsakanin Tupac Shakur da Notorious B.I.G., waɗanda a da abokai ne, ta raba mawaƙan gabashin ƙasar da na yammacinta. An harbe Tupac a watan Satumba na 1996 yana da shekara 25, B.I.G. kuma a watan Maris na 1997 yana da 24. Ko mene ne ainihin dalilin kisan, ƙasa ta rufe hazaƙa biyu tun ba su kai ko'ina ba.

To, mai karatu, kada ka ɗauka faɗa da baki baƙon abu ne gare mu. Sunan da muka laƙa wa wannan waƙa ma shaida ne, domin 'yan gambara na gargajiya sun shahara da ba'a a kasuwanni. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sukan yi wa abokan hamayyar ubangidansu zambo da habaici. Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Samaru ta ba digirin girmamawa a 1988, shi ya yi "Gagarabadau", kuma har gobe ana sauraron ta. Sai dai gwanayen nan sun san aikinsu. Sukan zana siffar mutum har kowa ya hango shi, ko kuwa su sakaya, mai tsarguwa ya tsargu. Wanda aka yi dominsa ya kwana da ciwo, saura kuma su kwana da dariya da sabuwar Hausa a bakinsu.

A cikin 'yan zamani ma akwai wanda ya gaji wannan. Nazir Ahmad Hausawa, wato Ziriums, ya yi "Girgiza Kai" a lokacin da hukumar tace fina-finai ta Kano ta matsa wa mawaƙa da 'yan fim. Maimakon ashar, sai ya yi shaguɓe, ya shawarci masu sauraro su bar rawa su wadatu da kaɗa kai. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙar tare da wasu guda goma. Ka ga dai habaici ya isa inda aka aike shi, a kan batun da ya shafi abincin jama'a da 'yancin bakinsu.

Wannan shi ne abin da nake faɗa wa ɗalibaina, nake kuma so 'yan'uwana marubuta masu tasowa su riƙe. Zagi ba ya bukatar basira. Kowane ɗan tasha ya iya. Amma ka fusata, ka danne, ka nemo kalmar da za ta soki zalunci ba tare da ta zubar da mutuncinka ba, wannan sai mai alƙalami. Kada mu hana yaran nan waƙa, domin hani ba ya kashe ta. Mu zaunar da su su saurari na da, su koyi yadda ake jifa a ɓoye hannu, su kuma zaɓi abin da ya cancanci jifan. Allah Ya sa mu dace.